Motar Da Ta Durƙusa Wa Surukata

Waya ce ta ja mini. Wata uku ina raba dare wajen kallon Turawa suna tsere a filin Nürburgring na ƙasar Jamus, mai tsawon kilomita 20 da 'yan kai, motocinsu na shan kwana a manne da ƙasa kamar ƙadangaru. Da safe in dubi tawa BMW ɗin, tsohuwar tokunbo da na yi adashin shekara biyu kafin na saya, in gan ta tsaye ƙiƙam a ƙofar gidanmu na Agege kamar raƙumi.

Karatun kam na haddace shi. In mota ta yi ƙasa, nauyinta ba ya rinjaya gefe a kwana. In sifirin gaba ya fi ƙarfi, kana murza sitiyari tana miƙewa abinta. In na baya ne ya fi, gindinta zai wulwulo ya riga kanta isa. Gwaninta ita ce a daidaita su. Har a teburin mai shayi na riƙa ba da wannan darasi, da cokali da gwangwanin madara.

Na je kasuwar Ladipo neman shokozoba irin ta tsere, wadda ake ɗaurewa a sassauta. Da aka faɗi kuɗin, sai na tuna ban yi Azahar ba. Na dawo wurin bakanikena na karanta masa komai. Ya saurara yana goge hannu da tsumma.

"Alhaji, ƙasa kake so ta yi? Mu yanke sifirin kawai."

Ya yanke zagaye ɗaya a gaba, biyu a baya, wai don ta yi kyan tsayuwa. Na san sifirin da aka rage wa zagaye ƙara tauri yake yi, na kuma san abin da taurin baya ke haifarwa. Amma da aka sauke ta daga jak, tayoyin baya sun ɗan karkata ciki kamar na waya, sai duk ilimin ya gudu.

Washegari Hajiya, mahaifiyar matata, ta sauka a filin jirgin Ikeja daga Kano. Wanda ya san tsarabar Kanawa ya san sauran: buhun gero, ƙullin kuka da daddawa, galan na man shanu, da kwandon ƙwan zabi da ta rungume a cinya. Na zuba kaya a but, ta zauna a baya. Motar ta yi wani nishi, ta zauna ita ma.

Tun kafin Ikeja Along taya ke gogar jiki, ƙiii, ƙiii. Kowane ƙaramin rami sai na ji shi a haƙorina. Na kalli madubi, Hajiya na jan carbi, tana ɗagawa tana dira. Ga kunyar suruka, ba damar in yi bayanin kimiyya.

An ɗan yi yayyafi. Muna saukowa daga gadar sama ta Pen Cinema, wadda aka buɗe a 2021, na karya kwana a hankali, wallahi a hankali, sai gindin motar ya cika alkawarin da littafi ya yi. Muka juya muka fuskanci inda muka fito, ido cikin ido da wani direban danfo. Ya leƙo ya yi mini dogon jawabi da Yarabanci. Kalma ɗaya na tsinta, ita ma ba ta faɗuwa.

"Baban Ummi, mantuwa muka yi a filin jirgin?" in ji Hajiya.

"A'a Hajiya, hanyar ce haka."

Saura layi biyu mu isa gida, ga tudun rage gudu da 'yan unguwa suka gina da siminti, wanda na shekara ina hayewa ban taɓa lura da shi ba. Na bi shi a karkace kamar yadda gwanaye ke yi. Gaba ya haye. Ciki ya dafe. Tayar baya na ta juyi a banza, salansa ta faɗi, baƙin mai ya kama hanyar kwata.

'Yan ga-ruwa huɗu da mai shayin nan, ɗalibina, su suka zo ɗagawa. Suka ce sai an rage nauyi. Duk muka yi shiru, kowa na kallon ƙasa. Hajiya ta buɗe ƙofa da kanta, ta leƙa kwandon, ta ƙirga ƙwai bakwai da suka tsira cikin talatin, ta tsayar da Keke Napep.

"Allah ya ba ta lafiya," ta ce, tana nufin motar.

Sati biyu ta yi a gidanmu, ba ta sake tayar da zancen ba. Ranar komawa na ce zan kai ta, don na riga na je Ladipo na sayo sifirin tokunbo guda huɗu, cikakku. Ta ce kada in wahalar da kaina, ta karɓi lambar mai Keken nan tun ranar.