Ɗan Potiskum a Cikin Kachalla

Mu mutanen Potiskum, a kan shanu da tirela babu mai ja da mu. Nuna wa yaronmu bijimi daga nesa, zai yanka maka kuɗinsa. Ya ji kukan inji, zai faɗa maka ko DAF ce. Ruwa kuwa, iyakar saninmu da shi na rijiya da na 'yan garuwa. Shi ya sa da ƙanin matata, mai karatu a Gashuwa, ya ce shi da abokansa za su je aikin sa kai na ceto dausayin Haɗeja da Nguru, abin da ya faɗo mini a rai shi ne rumfa, jawabi da ɗaukar hoto. Ya ƙara da cewa har mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya zo Dagona, cikin dausayin, a 1989 don ganin tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su yi hunturu a wajenmu. Na ce inda mijin sarauniya ya taka, ai ba a zuwa da tsumma.

Na kuwa ɗauko farar shadda mai sitati, da takalmi sau-ciki. Muka bi hanyar Jakusko har Gashuwa, daga nan babur ya kai mu wani ƙauye a bakin ruwa. Babu rumfa, babu kujera. Tulin lauje da adda kawai, da maza sun fi talatin, kowa da gajeren wando. Sarkin ruwan garin ya dube ni daga hula har takalmi.

“Alhaji, daga ƙaramar hukuma aka turo ka?”

“A'a Baba, aiki na zo yi.”

“To madalla. Tuɓe.”

Abokiyar gabar tamu ciyawa ce, kachalla. Ta fi mutum tsawo, ta cunkushe har ba ka ganin ruwan da take tsaye a ciki. Dattijon ya ce a zamanin ƙuruciyarsa kogi yakan yi ambaliya da damina, ya janye da rani, masunta su yi su, manoma su bi laima da shuka, Fulani su biyo baya da shanu. Bushewar rani ita ke kashe wa kachalla gwiwa. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, sai ruwa ya koma zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Bai isa ya share hanya ba, bai kuma ƙafe ba. Laka ta taru, kachalla ta samu wurin zama, ta toshe magudanai. Wani gari ruwa ya cinye gonaki, na gaba da shi kuma ana jiran ruwa bai zo ba. Ƙanin matata ya yi caraf ya ce ai tun shekarar 2000 aka sa Tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, su ne ma na farko a Nijeriya. Dattijo ya ce ya ji, ya miƙa masa lauje.

Na shiga ruwa da singileti da wandon shadda a naɗe. Na kama ciyawa na yi ta shara, ina zubarwa, gumi na zuba, ina satar kallon ko wani na ɗauka ta a waya. Can wani yaro da bai wuce shekara goma ba ya matso.

“Kawu, aski kake yi mata?”

Ashe kachalla ta ganyenta take shan iska ta aika wa saiwa. Ka yanke ta a sama, ka yi mata gata, mako kaɗan ta dawo da ƙarfinta. Sai an sunkuya an yanke ta a ƙarƙashin ruwa, kututturen ya nutse, sannan take shaƙewa ta ruɓe. Wato aikin na sunkuyo ne, haɓa a cikin ruwa, hannu na lalube a inda ido ba ya gani. Tumbina, wanda ake girmamawa a kasuwar shanu, ya ƙi ba da haɗin kai.

Ina cikin wannan kokawa na ji abu ya manne mini a sha-raɓa. Na ɗago ƙafa, na ga baƙin abu yana motsi. Na kurma ihu, “Maciji! Maciji!” Ɗaliban nan suka watse, wani ya hau kan wani. Mutanen gari ko gezau. Sarkin ruwa ya leƙa, ya ce, “Matsattsaku ne, Alhaji. Ya ji jinin mai cin nama.” Ya barbaɗa masa gishiri ya faɗi.

Aka ce to in hau kwale-kwale in riƙa karɓar dami. Nan na samu natsuwa, har wayata ta yi ƙara: dillali ne daga Potiskum, wai an taya bijimina da wulaƙanci. Duk ɗan kasuwa ya san ba a jin irin wannan magana a zaune. Na miƙe tsaye. Abin da na sani bayan nan, ina ƙasa, jirgi na sama, mai tuƙi na salati, hulata ta kama hanyar Tafkin Chadi.

Daga ƙarshe aka haɗa ni da yara a gonar shinkafa, aka ba ni gwangwani da sanda. Tsuntsayen jan baki a cikin kachalla suke kwana, da safe su taso kamar hayaƙi su sauka a kan shinkafa. Ni da na baro gida don kare tsuntsaye, ga ni ina buga gwangwani ina yi musu ihu. A nan ne kaɗai aka yaba mini, aka ce muryata ta kai.

Da la'asar mutanen suka fasa toshewar, ruwa ya fara gangarawa ta wata siririyar hanya da jirgi ɗaya zai iya bi. Mai gonar da ke ƙasa ya tsaya yana ta sa albarka. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar tarwaɗa, da kwanon soyayyun jan baki. Na ci har da ƙashi, ban kalli ƙanin matata ba.

Da za mu tafi, Sarkin ruwa ya ja shi gefe, amma da muryar da kowa zai ji.

“Ɗana, baɗi ma akwai gayya, don ciyawar nan ba ta mutuwa gaba ɗaya. Ku dawo da abokanka. Shi kuwa Alhaji, ya aiko da goro. Ladan zai same shi har Potiskum.”