Makka Ai Ba Ƙarama Ba Ce

Surukina Alhaji ya dawo daga aikin hajji da waya cike da hotuna da bidiyo, ya ce a kai wa "yaron nan mai kwamfuta" ya adana. Na kwashe su kaf na zuba a had-dis ɗina, ɗan akwatin ajiya mai terabayit 1 da ake jonawa da kwamfuta ta igiyar USB, aka goge na cikin wayar don a samu wuri. Ana gobe Alhaji zai tara abokansa na Kanya Babba da na Babura su ga Arfa da idonsu, na jona abin, sai Windows ta turo mini saƙo cikin ladabi: wai ba ta gane wannan baƙon ba, in yi masa fomatin tukuna.

Ban san lokacin da na isa shagon mai cajin waya ba. A bakin shagon kuwa akwai bencin Baba mai gyaran rediyo, wanda ba a taɓa kawo wata matsala garin nan ya ce ba shi da maganinta ba.

"Miƙo in ji," in ji shi. Ya kara a kunne, ya girgiza shi da ƙarfi. Cikina ya ɗuri ruwa, don na san a ciki akwai faifai mai juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, da wata 'yar allurar karatu da ke shawagi a samansa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin silin gashi ba ko kusa.

"Sanyi ne ya kama shi. Binne shi a buhun shinkafa ya kwana. Amma ta Haɗeja, yaro, kada ka sa 'yar waje, ba ta da albarka."

Na ce, "Baba, ai bai faɗa ruwa ba."

"To zafi ne. Kai shi wajen mai ƙanƙara." Da ya ga na yi turus, ya gyara zama. "In ba ka so, kawo in mare shi. Tun zamanin Gowon nake gyaran rediyo, ban ga wadda ta gagari mari ba."

A ƙaramar hukumar da gwamnatin tarayya ta ba jami'ar fasaha a 2021, shawarwarin da na fara samu ke nan: shinkafa, ƙanƙara, mari.

Allah ya taimake ni da ƙanin mai shagon, wanda ya karanta kwamfuta a Kazaure. Ya ƙwace abin daga hannun Baba, ya sauya igiya, ya sauya kafar jonawa, ya saurara. Ya ce in gode wa Allah faifan yana juyawa sumul. Da yana ƙas-ƙas-ƙas, allurar ce ta samu matsala, sai a cire shi nan take a nemi ƙwararrun da ke buɗe shi a ɗakin da ƙura ba ta shiga, irin ɗakin da ba za a same shi a garinmu ba ko da damina. Nawa, jerin sunayen fayilolin ne ya lalace. Ya ce kamar rajistar aji ce ta yage: malam ba zai iya kiran suna ba, amma yaran suna nan zaune. Kada in kuskura in yi fomatin, kada kuma in ƙara zuba komai a kai.

Ya gwada gyara rajistar da TestDisk, ta ƙi. Sai ya koma PhotoRec. Dukansu manhajoji ne na kyauta da wani Bafaranshe, Christophe Grenier, ya ƙirƙira. Ita PhotoRec ba ruwanta da rajista, bin faifan take lungu-lungu, duk abin da ya yi kama da hoto ko bidiyo ta tsinto shi ta ajiye a wani had-dis na daban. Ya ƙara da gargaɗi biyu da a lokacin suka shiga ta kunnen dama suka fita ta hagu: fayilolin za su dawo babu sunayensu, kuma abin da aka taɓa gogewa ma zai iya dawowa, muddin ba a rubuta wani abu a kansa ba.

Ta kwana tana tsince-tsince, ba ta gama ba sai da aka yi la'asar, baƙi sun riga sun cika zauren Alhaji. Na cire takalmi, na tsugunna na gaida kowa, na jona laftof da talabijin da lasifikar aro. An raba dabino da zamzam. Mata sun taru a bayan ƙofar cikin gida suna leƙe. A gabana dubban fayiloli, kowanne sunansa harafin f da jerin lambobi. Baba mai rediyo, wanda ya biyo ni ba tare da an gayyace shi ba, ya leƙo ta saman kafaɗata.

"Me kake nema? Danna mafi girma. Makka ai ba ƙarama ba ce."

Na danna.

Ɗakin matata ne ya bayyana. Ga gadonta, ga jeren kwanukanta. Sai ga mutum ya shigo da tawul naɗe a kai a matsayin rawani, matashin kai cushe a cikin singileti, muciya a hannu a matsayin sanda. Ni ne. Na taka ƙafa ɗaya na ja ɗayar, tafiyar da duk wanda ke zauren ya sani, don mai ita yana zaune a kan darduma a tsakiyarsu. Na tsaya, na ɗaga haɓa, na yi gyaran murya irin ta Alhaji, mai hawa biyu: "Ehem. E-hem! To, yaro, wannan sadakin naka na akuya ne ko na mutum?"

Bidiyon nan tun farkon aurenmu muka ɗauke shi, kuma a daren na goge shi da hannuna.

Lasifikar aro ba ta ci amanar mai ita ba. Gyaran muryar ta fita tar, har waje. A bayanta kuma ga dariyar mai ɗaukar hoton, dariyar da Alhaji ya sani tun tana cikin zanin goyo. Daga bayan ƙofa na ji ƙarar silifas, wani ya ruga cikin gida a guje, ba sai an faɗa mini ko wace ce ba.

Na kai hannu in kashe. Laftof ɗin, wadda ta kwana tana aiki, ta zaɓi wannan lokacin ta sandare. Hoton ya tsaya cak a kan fuskata, baki a karkace, ido ɗaya a kanne, tawul ya zamo kan kunne. Sautin kuwa bai tsaya ba, ya maƙale a wuri ɗaya: e-hem, e-hem, e-hem, e-hem. Na danna kowane maɓalli da Allah ya sa aka ƙera. E-hem. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri, kafaɗunsa na rawa. E-hem. Wani Alhaji daga Babura ya ƙware da dabino, ana ta bubbuga masa baya.

Wani dattijo da ba ya ji sosai ya matso kusa da talabijin ya ƙura ido. "Alhaji, nan Makka ce ko Madina?"

Ba wanda ya amsa. Ni dai ina tsugune, ina roƙon ƙasar zauren ta tsage.

"Ka gani ko?" in ji Baba mai rediyo, da muryar wanda gaskiyarsa ta fito. "Da ka sa shi a shinkafa, da wannan bai fito ba." Ya miƙa hannu ya zabga wa laftof ɗin mari. Abin takaicin, ta saki. Bidiyon ya ci gaba daga inda ya tsaya, wurin da nake kwaikwayon yadda Alhaji ke ƙirga kuɗi yana lasar yatsa.

Sai da ya ƙare tsaf Alhaji ya motsa. Ya dube ni, ya dubi talabijin, ya yi gyaran murya. Zauren gaba ɗaya ya fashe, har da liman.

"Yaro," in ji shi, "ƙafar hagu nake ja, ba ta dama ba. Maimaita mana."

An maimaita. Bidiyon Arfa ya dawo lafiya lau, shi ne na biyu a girma, amma har aka kira magariba ba wanda ya tambaye shi.