Kwamfutar kece raini, tafiyar hawainiya

Wanda ya haɗa kwamfutarsa da hannunsa ba ya laifi. Idan wasa ya fara sarƙewa, ɗan ƙwallo ya daskare a bakin raga, to laifin Windows ne, ko na intanet, ko na kamfanin wasan da wai bai iya aiki ba. Sai mutum ya kwana yana goge manhaja yana sake saukewa.

Da zai daure ya leƙa bayan akwatin, da ya huta. Wayar HDMI tana can sama a soke a ramin madabod, shi kuwa katin Nvidia da aka sayar da babur aka saya yana ƙasa yana hutawa, fankokinsa ko motsi ba sa yi. Ɗan guntun sashen hoto na cikin furosesa ne ke ta nishi da kayan da ba nasa ba.

In ba wannan ba, to ledar nan ce ta gindin na'urar sanyaya furosesa, wadda aka rubuta mata ɓaro-ɓaro cewa a ɓare ta. Ba a ɓare ba. Furosesa ya doshi digiri 100, dole ya rage gudu don ya tsira da ransa, ga zafin Afrilu, ga ƙurar hunturu ta toshe ragar iska.

RAM ma an biya kuɗin mai gudun 3200, tana tafiya a 2133 saboda ba a kunna XMP a BIOS ba. Monita mai 144Hz kuwa tun ranar da aka kawo ta tana kan 60, maigidan yana ta kiran abokai su zo su ga santsi. Su kuma su gyaɗa kai: "Wallahi akwai bambanci."