Jama'ar Zare a Gindin Dogon Yaro

Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malamin firamare ɗaya ya riƙe yara 35. Allah ya saka wa wanda ya rubuta haka da alheri, amma da alama bai taɓa leƙa aji biyu ranar Litinin ba. A makarantun ƙauyukanmu, daga wajen Wurogauri har zuwa Kalgo, kafin malami ya gama kiran rajista murya ta tafi, garin alli ya cika maƙogwaro, wani ya ci wa wani biro, wata ta zo da ƙanenta a goye. Ga littafin tsara darasi ba a cika ba, ga labarin sufeto na hanya, ga wata ya yi nisa. Da an kaɗa ƙararrawar tara, kowa sai ya nemi inda zai sauke kansa. Akwai 'yan shayi, akwai 'yan gardamar ƙwallo, akwai mai kifa kai a tebur. Sai kuma jama'ar zare, masu shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro.

Uwar gayyarsu ita ce Malama mai kwarashi. Ba ta faɗa, ba ta kai ƙara ofis, ba ta ma cika ɗaga bulala ba. Duk abin da aji ya yi mata, zare ne ke biya. In kana son sanin yadda ta wuni, kada ka tambaye ta, ɗauki hular jaririn da take saƙawa ka duba. Layukan da suka fito sako-sako, masu laushi, na ranar Juma'a ne. Inda saƙar ta ƙulle tamau har yatsa ba ya shiga, ranar ce aka haɗa mata aji biyu don abokin aikinta ya tafi gonar shinkafa. Akwai wani wuri kusa da bakin hular da ya yi tauri kamar tsohon ƙosai, wannan ranar ce wani uba ya zo yana tambayar dalilin da ɗansa, wanda bai zo makaranta ba tun farkon damina, ya zo na ƙarshe. Ta taɓa gaya mini abin da ya sa take son saƙa: yaro sai ka shekara kana zuba masa karatu ba ka san ko ya zauna ba, amma zare in ka ba shi rabin awa, sai ya nuna maka taƙi guda ka gani da idonka. Kuma ba ya cewa “Malama, zan je fitsari.”

Kusa da ita akwai wadda ke farawa ba ta gamawa. Jakarta cike take da safa ƙafa ɗaya, da rigar sanyi marar hannu, da wani shawul da ta ɗora wa jaririn ƙanwarta. Jaririn yanzu yana aji ɗaya, ita ce ma ke koya masa baƙaƙe. Da aka sa hannu a dokar 2022 da ta kai ritayar malamai shekara 65, ba wanda ya kai ta murna, ta ce yanzu kam shawul zai samu lokaci.

Sai wadda hutun ya zame wa aiki na biyu. Ta fara ne don ta huce, sai aka ga hannunta na da kyau, sai oda ta fara shigowa. Da hunturu ya kama ba ta da sukuni: hular jarirai, safa, rigar suna. Tana aika a sayo mata ulu daga Birnin Kebbi ko Jega, tun kuma da aka cire tallafin mai a 2023 kullum da sabon farashi ɗan aiken ke dawowa. Matsalarta ɗaya ce, masu sayen kayanta duk malamai ne, kuma kowa maganarsa guda: “Bari alat shi shigo.” Yanzu tana da littafi biyu, rajistar aji da rajistar bashi, na biyun ya fi cika, kuma shi ba a fashi a cikinsa. Wannan baiwar Allah ta fi kowa gajiya a gindin itacen, sai dai in ka ce ta bari ta ce ai da shi take hutawa.

Namiji ɗaya ne a cikinsu, malamin lissafi, shi ma a gefen tabarma yake zama, da hula a gwiwa da allura a hannu. Kada ka kuskura ka ce saƙa yake yi. Ƙube yake ɗinkawa, yana ƙirga kowane gida na zanen da leɓɓansa, in ka yi masa sallama a tsakiyar ƙirga sai ya ɗaga maka yatsa ka jira. Hula ɗaya takan ci masa makonni. Mutumin da yara suka kasa gane masa rabawa tun safe, ga shi nan ya raba zagayen hula gida-gida ba ragowa, fuskarsa har wani haske take yi.

Wadda ke tsokanarsa ita ce 'yar koyon aiki da aka turo daga kwalejin ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu. Ita a waya take koyon saƙa, don haka duk abin da ta ɗauko yakan tsaya daidai inda data ta ƙare. Ita ta nuna masa hoton Tom Daley, ɗan wasan nutso na Ingila da ya ci zinare a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, zaune cikin 'yan kallo yana saƙa abinsa.

“Malam, ga ɗan'uwanka.”

Ya ɗaga tabarau, ya duba, ya mayar mata da wayar. “Ɗiyata, wanga saƙa shika yi. Ni ɗumki nika yi.”

Mai warwara kuwa ba sai an daɗe a kanta ba. Jan biro ya bi jininta. Ta saƙa layi goma, ta hango kuskure a na uku, ta zare duka. Ƙwallon ulu ɗaya take juyawa tun bara, kuma ta fi kowa kwanciyar hankali.

Ba a rasa kuma wanda bai taɓa riƙe kwarashi ba amma ya fi kowa sanin saƙa. Yana tsaye da kofin shayi yana cewa wannan launi bai dace ba, wancan hannu ya fi wancan tsawo. Tun da Nasir Idris, Kauran Gwandu, ya tashi daga shugabancin ƙungiyar malamai ta ƙasa ya zama gwamna a 2023, wannan bawan Allah ke tafiya kamar shi aka rantsar. Kullum yana da labarin ƙarin girma da za a yi wata mai zuwa, daga majiya mai tushe. Amfaninsa ɗaya, in za a naɗe ulu shi ake sa wa ya miƙa hannu biyu, kuma ko a hakan bakinsa ba ya tsayawa.

Hedimasta ya taɓa yunƙurin hanawa. Ya ce makaranta ba masaƙa ba ce, in baƙi suka zo me za su ce? Malamar addini ce ta tare shi, cikin ladabi. Ta ce, “Ranka shi daɗe, nan fa ƙasar Malam Abdullahi na Gwandu ce, ba a koya muna darajar karatu. Kuma ko jajin da Nana Asma'u ta tura karantar da mata ƙauyuka, da malfa ta naɗa su. Malfa kuwa saƙa ta aka yi.” Ya yi shiru, ya ce zai duba lamarin. Yana cikin dubawa sanyi ya sauko, shi kuma a babur yake zuwa da sassafe. Sai ga shi ya kira mai oda gefe, murya ƙasa-ƙasa, yana son hular sanyi mai rufe kunne, baƙa, wadda za ta shige ƙarƙashin ƙube ba a gani. Ta auna kansa da zare, ta faɗi kuɗi. Ya gyara tsayuwa, ya ce to, bari alat shi shigo. Ta buɗe littafi na biyu ta sa sunansa ƙarƙashin na maigadi.