Hanyoyi Biyu da Shara Ke Bi a Legas

Shara a Legas hanya biyu gare ta. Ta farko ita ce wadda hukuma ta tsara: a tara a ƙofar gida, motar 'yan kwangila da ke aiki ƙarƙashin LAWMA, hukumar kula da shara ta jihar, ta zo ta kwashe, ta kai bola irin ta Olusosun da ke Ojota, maigida kuma ya biya kuɗin wata. Ta biyu ita ce kwata. Kwata ba ta karɓar ko sisi, ba ta kuma taɓa cewa mota ta lalace, shi ya sa ta fi samun ciniki.

Daga kwata, shara takan shiga babbar magudana, ta faɗa tafkin Legas, ta nufi tekun Atlantika. Sai dai garin shimfiɗe yake, wasu unguwanninsa da kaɗan suka ɗara teku tudu, don haka ruwan ba ya sauri. Roba ta tsaya a ƙarƙashin gada, wata ta zo ta same ta, hanya ta toshe. Ran da aka yi ruwa mai ƙarfi, kayan da mutum ya jefar da rani su dawo masa har ɗaki, tare da na maƙwabta. Da katifa ake biyan wannan, da buhun abinci, da jinyar yara.

A watan Janairun 2024 gwamnatin jihar ta haramta farar robar nan ta zuba abinci, ta bakin kwamishinan muhalli Tokunbo Wahab. Wannan ya yi daidai, domin ba ta ruɓewa, kuma ba mai sayenta bayan an cinye shinkafar. Daga 1 ga Yulin 2025 aka ƙara da tsinken shan lemo, da cokali da kofin roba na yarwa, da ledar da kaurinta bai kai maikiron 40 ba. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12, da yatsa biyu yake gudanar da wannan awo.

Ledar fiya wata da gorar ruwa ba sa cikin haramcin. Jama'a da su suke shan ruwa, tunda famfo bai kai yawancin gidaje ba. To, wa ke tsince su? Baban bola. Da yawansu 'yan Arewa ne, suna fita da asuba da buhu ko kura, su ware gora gefe, ƙarfe gefe, su kai sikeli a biya su bisa kilo. Duk gorar da ta shiga buhunsu ta tsira daga teku. Hukuma kuwa ta haramta kwasar shara da kura, bisa hujjar cewa wasu na juyewa a magudana cikin dare, kuma akwai masu yin hakan. Don haka ana ƙwace kurar mai juyewa da ta mai tsincewa rana ɗaya.

Ni dai ina ganin a yi musu rajista a ƙananan hukumomi irin su Agege da Mushin, a ba kowa katin shaida da wurin juyewa sananne. A kuma ɗaga farashin kilon ledar fiya wata, domin ba ta da nauyi, sai mutum ya cika buhu kafin sikeli ya motsa.