Zuwa ga Bawana na Jakara, Mai Masai Mai Kuka

Bawana Bakano, ubangidanka na gaishe ka daga birnin Zazzau. Ya kasuwa, ya ƙirgen kwabbai? Labari ya iso mu har Tudun Wada cewa ka waye: ka cike tsohuwar shaddar gidanku ta Jakara, ka kafa masai na tangaran mai tanki a bayansa. Madalla. Sai dai an ce wata da watanni ke nan abin bai yi shiru ba, dare da rana ruwa na tsiyaya daga tanki zuwa cikin masai, har uwargida ta fara kwana da auduga a kunne.

Wai da farko cewa ka yi aljanun Jakara ne. Ban ga laifinka ba, jikan Barbushe, tsoron kurmin Jakara gadonku ne tun kafin zuwan Bagauda. Amma gwamnatin Kwankwaso ta fara aikin rufe rafin Jakara da kankare da shimfiɗa titi a kansa, kuma ko akwai aljanin da ya rage, me zai tsinta a banɗakin marowaci? Da tofi bai yi ba, sai ka ɗaure hannun tankin da tsohuwar robar tayar keke, ka danne murfin da bulo. Bulo fa, Alhaji! Duk don kada mai gyaran famfo ya ga kalar kuɗinka.

To zauna in koya maka, tunda ilimi a wurinmu kuke zuwa nema. Sauke bulon, ɗaga murfin, ka leƙa. Akwai ƙwallon roba da ke iyo a kan ruwa, shi ke rufe bakin famfo idan tanki ya cika. In an saita shi ya yi sama da yawa, ko ya huje ya sha ruwa ya nutse, famfon ba zai tsaya ba, rarar sai ta bi ta bututun da ke tsaye a ciki ta gangara masai. Ɗaga ƙwallon da hannu. In ƙarar ta ɗauke, ka kama ɓarawo: sassauto da shi ƙasa kaɗan, ko ka sake sabo.

In ba nan ba ne, to robar da ke toshe ramin gindin tanki ce. Tana tsufa ta ƙandare, ko yashin ruwan burtsatse ya maƙale a ƙarƙashinta ya hana ta zama daram. Gwajin ba wuya. Ɗebo bular wankin uwargida ka ɗiga a tanki, kada kowa ya ja ruwa na minti 20. In cikin masai ya yi shuɗi, robar ta mutu. Bula na ce, kada ka tafi marinar Ƙofar Mata roƙon baba kyauta, na san halinka. Sai ka rufe famfon da ke shayar da tankin, ka ja ruwan ya ƙare, ka cire robar, ka goge mazauninta tas, ka sa ta a aljihu ka tafi Kasuwar Ƙofar Ruwa a ba ka irinta daidai. Ka taya sau ɗaya ka biya, kada la'asar ta same ka kana ciniki.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne lissafinka. Sama da shekara 500 kuna zaune a Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ba a taɓa cin kwabonku ba, yau ga 'yar roba tana yashe ka. Siririn ruwan nan da ka raina yana iya kai lita 200 a yini, jarka 8 ke nan mai lita 25. Ruwan Tamburawa da na Challawa kuwa ba kullum yake leƙo cikin birni ba, 'yan garuwa ne ke turo maka kura kana biya kana tsaki. Ka sayi ruwa, ka ɗura a tanki, ya wuce sokawe ba wanda ya yi ko alwala da shi. Ran da sokawen ta cika ta tumbatsa lungu, motar kwasar masai za ta gaya maka farashin da zai sa ka zauna.

Ka gyara kafin Juma'a, ina tafe duba aiki. Kuɗin koyarwa kuma ban yafe ba, ka haɗa mini da kuɗin shara na bara da ka ɓuya a bayan kanta ka hana ni.