Mutum Biyu, Kura Ɗaya: Halayen 'Yan Tseren Hyrox

Mutanen da sukan ce ba ka sanin halin mutum sai kun yi tafiya tare ko kun haɗa kuɗi. Jamusawa sun haɗa biyun wuri guda: sun taƙaita tafiyar zuwa kilomita 8 a cikin makeken zauren baje koli, suka kuma sa mata kuɗin shiga mai tsoka. Sunan abin Hyrox. An ƙirƙiro shi a birnin Hambug a 2017, kuma mutum biyu ne suka kafa shi, Christian Toetzke da Moritz Fürste, wanda ya ci wa Jamus zinare a wasan hoki a gasar Olamfik ta 2008 da ta 2012. Yau ana yin sa daga Landan har Hong Kong, an yi gasar duniya a Manchesta a 2023, a birnin Nis na Faransa a 2024, sannan a Chikago a 2025.

Tsarin ba ya canzawa ko'ina aka je. A yi gudun kilomita ɗaya, a shiga tasha a yi aikin ƙarfi, a fito a sake gudu, har sau takwas. Tashar farko jan igiyoyin na'urar SkiErg ne na mita 1,000. Sai tura kura mita 50, kura irin ta 'yan garuwa amma ba taya, an jibga mata ƙarafa, ana tura ta a kan kafet. Sai a jawo ta da igiya wata mita 50. Daga nan a faɗi rub da ciki, a tashi a yi tsalle gaba, haka har mita 80. Sai tuƙin kwalekwale a kan inji mita 1,000, dakon curin ƙarfe biyu mita 200, taku da durƙuso da buhun yashi a wuya mita 100, a rufe da jifan ƙwallo mai nauyi sau 100.

A rukunin mutum biyu an yi rangwame, amma rangwamen mai ƙaiƙayi ne. Aikin tasha abokan biyu suna iya raba shi yadda suka ga dama, ɗaya na yi ɗaya na hutawa. Gudun kuwa ba rabo: kowa sai ya taka kilomita takwas ɗin nan da ƙafarsa, kuma tare, wanda ya yi wa ɗan'uwansa nisa a ci su tarar lokaci. Ma'ana, saurin ƙungiya shi ne saurin wanda ya fi nawa. Idan ɗaya na cinye kilomita a minti 4 da rabi, ɗayan a minti 5 da rabi, to su duka 'yan minti 5 da rabi ne, gudun kaɗai minti 44 ke nan. Wannan ɗan lissafi da ɗan firamare zai iya shi ne ke raba abota a filin Hyrox, domin kowa yana zuwa da halinsa.

Wanda ake fara gani shi ne Ɗan Tashin Farko. Tun a rumfar da ake tara 'yan tsere kafin a sake su, kiɗa na tashi, yana tsalle yana dukan ƙirji kamar ɗan dambe ya ji kalangu. Da an buɗe hanya sai ya cilla, abokinsa na biye yana haki yana kiran sunansa. Kilomitarsa ta farko kullum ita ce mafi sauri a takardar sakamako, har yakan ɗauki hotonta ita kaɗai. Ya isa SkiErg ya kama igiya kamar da ita suke da tsohuwar gaba. Abin da bai sani ba shi ne injinan kamfanin Concept2, mai ƙera SkiErg ɗin, ba su da tausayi a lissafi: mai jan mita 500 a minti 2 yana fitar da ƙarfi wajen wat 203, wanda ke son ya yi ta a minti 1 da daƙiƙa 50 kuwa sai ya fitar da wajen 263. Ƙarin ƙarfi kusan kashi 30 cikin ɗari ke nan, don a tsira da daƙiƙa 20 kacal a mita dubu. Yakan karɓi daƙiƙa ashirin ɗin yana murna, ya biya su da ruwa mai yawa a kilomita ta biyar, inda za a same shi yana tafiya hannu a ƙugu, abokin da ya bari a baya ɗazu yanzu shi ke jiransa. Sauri ya haifi nawa.

Kishiyarsa shi ne Akawu, kuma a gaskiya Akawu ya fi ban dariya don shi yana da hujja. Wata uku kafin ranar ya buɗe jadawali a kwamfuta. Ya shiga shafin sakamako, inda ake wallafa lokacin kowane zango na kowane ɗan tsere saboda na'urar da ake ɗaura wa kowa a idon sawu, ya kwashe lokutan ƙungiyoyin da suka fi su, ya fitar da matsakaici. Ya rubuta cewa za su canza hannu duk mita 250 a SkiErg, duk layi ɗaya na mita 12.5 a kura, duk jifa 15 a ƙwallo. Ya aika wa abokinsa jadawalin sau huɗu, kowane da gyara. Ranar tsere ya zo da alƙaluma rubuce a bayan hannunsa da biro.

Gumi ne ke fara cin amanarsa, don kafin tasha ta uku rubutun ya zama shuni. Sai kafet ya ƙarasa. 'Yan Hyrox sun daɗe suna ƙorafin cewa kura mai nauyi ɗaya takan yi santsi a wani gari ta kafe a wani, gwargwadon shimfiɗar da aka yi. Da kura ta ƙi motsi yadda jadawali ya ce, Akawu ya rikice, ya duba agogo, ya duba hannu, ya sake duba agogo, abokinsa na durƙushe yana jiran a ce masa ya karɓa ko ya bari. Shirinsa ba shi da laifi, kuma ƙungiyar da ta zo ba shiri ta fi shi shan wuya. Matsalarsa ita ce idan kiɗa ya canza shi ba ya canza rawa.

Sai Sarkin Ƙarfi. Ƙirji kamar ƙofar gari, damtse kamar turmi, gudu kuwa sai a hankali. Duk tseren a wurinsa tasha biyu ne, tura kura da jan kura, sauran shida ɗin cikon benci. A rukunin maza na gama-gari kurar turawa kilo 152 ce har da nauyinta, ta ja kuma 103, a rukunin ƙwararru 202 da 153. Shi kaɗai yake son ya ture duk mita hamsin ɗin, 'yan kallo na tafi, abokinsa na biye a baya hannu sake kamar ɗan rakiya. Yana gamawa cinyoyinsa sun cika da wuta, ga kilomita na jiransa. Gudu bayan aikin ƙarfi shi ne ainihin jarrabawar Hyrox, gudu ne da ƙafafun aro, kuma Sarkin Ƙarfi ya riga ya jinginar da nasa.

A nan ne hankali ke rabuwa da son a sani. Tunda gudu kan cinye rabin lokacin tsere ko fiye, kuma mai nawa ne ke yanke saurinsa, dabara ita ce a tanadi ƙafafun mai nawa. Wanda ya fi gudu shi ya kamata ya ɗauki kaso mafi tsoka a tasha, musamman a faɗi-tashin nan na mita 80 da durƙuson buhu, don ɗan'uwansa ya fito da sauran numfashi. Raba daidai, rabi da rabi, yana da daɗin faɗa kuma yana kama da adalci, amma sau da yawa shi ne rabon da ya fi jawo asara. Ƙungiyar da ta gane haka ba ta damu da wa ya fi yin aiki ba. Ta Sarkin Ƙarfi kuwa takan yi akasin haka daidai: mai nawa ya ƙarar da kansa a tasha, mai sauri ya huta sau biyu, a tasha da kuma a hanya.

Rukunin mace da namiji shi ne gidan wasan kwaikwayo, musamman idan miji da mata ne. Nauyin da ake ba su na maza ne na gama-gari, don haka maigida yakan zo da niyyar shi ne jigo. Matar ta miƙa hannu ta karɓi igiya, ya ce ta bari, saura kaɗan. Ta sake miƙawa, ya girgiza kai, jijiyar wuya ta fito raɗa-raɗa. Kafin kilomita ta shida sai ga ta a gaba tana waiwaye, tana rage sauri da gangan kada a ci su tara, shi kuma yana binta da baki buɗe, yana ɗaga hannu alamar lafiya lau. Wasu ma'auratan sukan ƙare tsere a rungume da juna. Wasu sukan karɓi ɗan ƙyallen da ake bai wa wanda ya kammala, don Hyrox ƙyalle take bayarwa a maimakon lambar wuya, su nufi mota kowa na kallon gefensa.

Akwai kuma Baƙon Roxzone. Roxzone shi ne filin da ke tsakanin hanyar gudu da tashoshi, inda ake ajiye ruwan sha, kuma agogo ba ya tsayawa a cikinsa. Shi dai wannan bawan Allah ya ɗauke shi zauren hutu. Ya sha ruwa kofi biyu, ya zuba ɗaya a ka, ya gyara igiyar takalmi, ya ɗaga wa mai hoto yatsu. Daƙiƙa 15 a kowace tasha sau takwas minti biyu ne cur, fiye da duk abin da Ɗan Tashin Farko ya kusa halaka kansa a kai.

Ɗan'uwansa na jini shi ne Ɓatacce, wanda ba ya iya ƙirga zagaye. A zaure ɗaya kilomita zagaye biyu ce, a wani uku, kuma ana faɗa tun kafin a fara. Shi sai ya shige tasha da saura zagaye a ci su tara, ko ya ƙara ɗaya kyauta. Abin takaicin, su biyu ne, kowa ya dogara cewa ɗayan na ƙirgawa.

Lauya ba ya bayyana sai a tashar ƙarshe. Ƙa'idar jifan ƙwallo a fili take: a tsuguna har ƙugu ya sauka ƙasa da gwiwa, a miƙe a jefa ƙwallon kilo 6 ta taɓa alamar da ke mita 3 a sama, mata kuma kilo 4 zuwa mita 2.7. Bayan kilomita takwas da tasha bakwai, tsugunon mutum yakan zama ɗan rusunawa irin ta gaisuwar mai sauri. Alƙali ya ce wannan ba ta shiga ba. Lauya ya rungume ƙwallo ya juyo, ya fara bayani da hannu ɗaya, yana nuna gwiwarsa a matsayin shaida, yana neman abokinsa ya tsaya masa. Alƙalin galibi ɗan sa-kai ne da ya yini a tsaye, ba ya da niyyar sauya hukunci, agogo kuma na tafiya. A lokacin da aka ɓata ana ɗaukaka ƙara, da an jefa biyar masu kyau. Abokin kirki a nan ba ya shiga shari'a, ƙwallon yake karɓewa.

Bayan an gama, an sha ruwa, numfashi ya dawo, sai Mai Sharhi ya hau mumbari. Ya buɗe waya ya bi zango-zango, kuma ikon Allah, duk inda aka yi asarar lokaci abokinsa ne ke riƙe da igiya. Inda shi ya tsaya, kafet ne ba kyau, ko zauren ne ya yi zafi, ko takalmin ne sabo. Takardar sakamako ta ƙungiya ce, ba ta nuna wa ya yi mita nawa a cikin tasha, don haka fili ya buɗe masa ya rubuta tarihi yadda yake so. Laifi tudu ne. Yakan ambaci Hunter McIntyre da Lauren Weeks, Amurkawan da kowannensu ya ci gasar duniya fiye da sau ɗaya, kamar tare suke atisaye, ya kuma rufe da cewa baɗi zai nemi wanda suka dace.

Waɗanda ke cin tseren kuwa ba su da daɗin kallo ko kaɗan. A kilomitar farko ana wuce su kamar suna tsaye, ba sa ko ɗaga kai. Ba sa ihu, kalma ɗaya ko taɓa kafaɗa ta isa a canza hannu, kuma suna canzawa tun kafin mai yi ya gaji, ba bayan ya faɗi ba. Buhun yashi na kilo 20 yana tashi daga wuyan wannan zuwa na wancan bai taɓa ƙasa ba. Suna shan ruwa suna tafiya. Idan aka duba lokutansu, kilomita ta bakwai ba ta yi wa ta biyu nisa sosai ba, kuma wannan ita ce alamar da masu horarwa ke fara nema a takarda. Wajen tasha ta shida za a ga suna tsinto waɗanda suka wuce su ɗazu ɗaya bayan ɗaya, Ɗan Tashin Farko a gaba, Sarkin Ƙarfi na biye.

Tseren ya riga ya shigo Afirka ta birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu. Mai karatun da abin ya ba shi sha'awa, kafin ya biya kuɗin rajista da na jirgi, ya fara gwada abokin a gida. Curin ƙarfen da maza ke ɗauka kilo 24 ne kowane hannu, kusan nauyin jarkar ruwa mai lita 25. A cika jarka biyu, a auna mita 200, a yi dakonsu ana karɓar juna, a ajiye a yi gudun kilomita ɗaya kafaɗa da kafaɗa. Idan an dawo ana magana da juna, to a je a yi rajistar.